Sabitu Dillali da Albashin Daraktoci

Duk wanda ya sayi kwalin banda a kasuwar Gashuwa cikin shekaru arba'in ɗin nan, da wuya a ce kifin bai taɓa bi ta hannun Sabitu ba. Ban ce shi kaɗai ne dillali a layin 'yan kifi ba, suna da yawa, wasu ma sun fi shi baki. Amma in ciniki ya cije, mai kaya ya ɗaure fuska, mai saye ya fara kaɗe rigarsa zai tafi, Sabitu ake aika wa. Ni sunana Alamin, malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma abokinsa tun muna yara muna wanka a kogi a Katuzu. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba. Wani ɓangaren ma da hannuna a ciki, kuma zan faɗe shi ko da bai yi mini daɗi ba.

Ubansa masunci ne, kakansa ma haka. Shi kuwa ruwa bai karɓe shi ba, da ya shiga kwalekwale sai jiri, sai amai. Uban ya gaji da dariyar abokan sana'a, ya mayar da shi tudu wurin mata masu yin banda, ya riƙa kai musu kaya kasuwa. A nan aka gane inda abincinsa yake. Kafin ya yi gemu ya san kifin da ya sha hayaƙi sosai da wanda aka yi wa gaggawa, ya san ɗan kasuwar Onica da ya zo da kuɗi da wanda ya zo da surutu, ya kuma iya Badanci da Barbarci da Hausa da ɗan abin da zai yi ciniki da Inyamuri. Makarantar boko aji uku ya yi ya gudu. Rubutu yana ba shi wuya har yau, amma lamba ko daga nesa ya hango ta ya karanta.

Yadda yake aikinsa abin kallo ne. Zai bar mai kaya da mai saye su yi ta ja har wuya ya yi wuya, shi yana gefe yana ɓare goro kamar ba da shi ake ba. Sai ya ga ɗaya ya juya baya, sannan ya tashi. Ya yi wa mai kaya faɗa a gaban kowa, ya ce ya ji tsoron Allah. Ya juya ya lallashi mai saye, ya ce shi ma wancan iyali gare shi. Wannan ya sauko, wancan ya hau, har a haɗu a tsakiya. Daga nan ya kamo hannun kowa ya haɗa, ya yi addu'a a ci riba, ya karɓi la'adarsa. Kirarin da yake yi wa kansa shi ne ciniki ba ya mutuwa a gabansa. Kuma yana da karatun da yake yi wa duk sabon shiga kasuwa, ni ma na sha shi ban tambaya ba: mai kaya ba ya fara faɗin abin da yake so, sai abin da ya fi shi, kuma in ka ga ya sallama da murmushi, to ya samu abin da ya fito nema.

Matsalar ita ce Sabitu bai san inda kasuwa ta ƙare ba. Ba ya iya ganin mutum biyu sun rabu da fushi. Rikicin gado, rikicin iyakar gona, miji da mata, har gardamar wanda zai riƙe makullin masallacin unguwa, duk raba su yake yi biyu kamar kwalin tarwaɗa. Na sha gaya masa cewa in ya tarar da kura da akuya suna jayayya, cewa zai yi akuya ta ba da ƙafa ɗaya a zauna lafiya. Sai ya yi dariya ya ce ai gara ƙafa uku da babu. Mutanen gari kuwa suna son sa a kan haka, kuma ba a taɓa kama shi da cin kobon wani ba.

Kamfanin ya zo ne a shekarar da aka rufe iyakoki, shinkafar gida ta yi daraja, kowa ya zama manomin fadama har da waɗanda ba su san shinkafa da ciyawa ba. Wasu 'yan kasuwar Nguru, jikokin Kanawa da Haɗejawa, suka ce za su kafa injin casar shinkafa. Jagoransu Alhaji Hashim, mutum mai fara'a, in ya gaishe ka sai ka ɗauka kai kaɗai ya fito nema. Kuɗinsu bai isa ba, sai suka ce kowa ya sayi hannun jari gwargwadon ƙarfinsa, ya zama yana da rabo a kamfanin, in an ci riba a ƙarshen shekara a ba shi nasa. Suka raɗa masa suna Kamfanin Shinkafa na Gaɓar Kogi, suka zaɓi mutum bakwai a cikinsu su zama daraktoci masu tafiyar da shi.

Mutanen Gashuwa ba su yarda da takarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sabitu ne ya fara saye, ya sayar da bijimi biyu ya zuba. Da aka ji haka sai masunta suka biyo, manoman tattasai suka biyo. Ta ƙarshe da ta shigo ita ce Falmata, shugabar mata masu yin gumi, wato masu turara shinkafa su shanya kafin a kai ta inji. Bazawara ce mai 'ya'ya biyar, ba ta da yawan magana, kuma adashin mata sittin ne a hannunta. Ranar da ta kawo kuɗin ta gaya wa Sabitu a gabana cewa su ba takarda suka saya ba, fuskarsa suka saya.

Shekara biyu aka raba riba, ba yawa, amma ta sayi atamfar salla. Sai ambaliya ta zo ta share fadama, sai man dizal ya yi tashin gwauron zabo, aka yi shekara uku ba a ga ko sisi ba. Mutane suka yi haƙuri, don ruwan nan da idonsu suka gan shi, a ɗakunansu ya kwana. Ana cikin haka takardar gayyatar babban taron shekara ta iso daga Nguru. Da yake ni ne mai karatun unguwa, ni aka tara wa mutane a gindin darbejiyar ƙofar gidan Falmata in karanta in fassara. Abu na shida a jerin abin da za a tattauna shi ne albashin daraktoci. Suna neman a ɗaga shi daga naira miliyan biyu zuwa miliyan shida a shekara, kowane mutum ɗaya.

Sai da na maimaita sau biyu, don wani tsoho ya ce idona ne ya fara lalacewa. Da hayaniya ta lafa na yi musu bayanin abin da na sani. Daraktoci ba su da ikon yanka wa kansu albashi, sai masu hannun jari sun amince a taron shekara. In an nemi a ƙirga ƙuri'a bisa yawan jarin kowa, dole a ƙirga. Jarin daraktocin nan bakwai gaba ɗaya bai kai rabi ba. Namu na Gashuwa ya kusa kashi ɗaya cikin uku, kuma 'yan Jajimaji da 'yan Machina kullum mu suke kallo. In Gashuwa ta ce a'a suka bi, magana ta faɗi. Mutane suka yi ta mamaki, ashe duk shekarun nan mu ne iyayen gida ba mu sani ba.

Falmata ce ta rufe zancen. Ta ce ba ta ce daraktoci ba sa wahala ba, amma wanda bai raba wa masu gona komai ba shekara uku, ba ya zuwa ya nemi a ƙara masa ladan gadi. Ta ce ba ragi ake nema ba, ba a ƙara kaɗan ba. A bar shi yadda yake. In shekara ta yi kyau aka raba riba, su dawo a yi magana. Kowa ya ce haka ne. Tun da ba duka za a iya zuwa Nguru ba, aka cike takardun wakilci, kowa ya dangwala yatsa ya ba mutum ɗaya izinin ya yi magana da bakinsa. Takarda ɗari biyu da goma sha huɗu. Ba a ma yi gardamar wanda za a ba ba.

Da take miƙa masa jakar takardun, Falmata ta ce, "Malam Sabitu, kalma ɗaya ce muka ba ka. Ba ta da nauyi."

Ya ce in Allah ya yarda zai sauke ta a inda aka aike shi. Ni kuma aka haɗa ni da shi in zama idonsa a kan rubutu.

Ranar Asabar muka kama hanya da safe. A cikin mota na bita masa sau biyu, kamar ɗan aji shida zai shiga jarrabawa. In an zo abu na shida, ya miƙe, ya ce yana neman a ƙirga bisa yawan jari, ya ce Gashuwa ba ta yarda ba, ya zauna. Ya ce mini in daina mayar da shi yaro, shi da ya yi ciniki da mutanen da ko sunan garinsu ban iya faɗa ba.

A ɗakin taron wani otal aka yi, kujerun roba, fanka tana juya zafi, an jera lemo da shinkafa dafa-duka a robobi a bayan ɗaki. A bakin ƙofa sakatariyar kamfani, wata lauya mai suna Fauziyya, take karɓar takardu. Da ta ga tulin namu sai ta gyara tabarau, ta ƙirga, ta tashi ta je ta yi wa Alhaji Hashim raɗa. Bai ɓata lokaci ba ya sauko daga kan dandamali da kansa, ya kama hannun Sabitu da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya jajanta ambaliya, ya kai mu sahun gaba ya zaunar. Na ji daɗin wannan karramawa, ba zan yi ƙarya ba.

Abu biyar na farko suka wuce ba gardama. Da aka zo na shida Alhaji Hashim ya yi bayani mai tsawo. Ya ce shekara biyar ba a taɓa albashin nan ba, ya ce kuɗin mai daga Nguru zuwa Kano kaɗai ya cinye shi, ya ce da motocinsu suke yi wa kamfani hidima, ya ce a je a tambayi abin da takwarorinsu suke karɓa. Wasu abubuwan da ya faɗa gaskiya ne. Kafin ya rufe baki wani manomin tattasai daga Jajimaji mai suna Madu ya miƙe. Mutum ne mai zafin kai, Hausarsa in ya fusata rabinta Barbarci ce. Ya ce su 'ya'yansu sun bar makaranta saboda ruwa, waɗansu kuma ga tumbinsu ya hana su ganin takalminsu. Ɗaya daga cikin daraktocin ya karɓe lasifika ya ce wanda jarinsa bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba, bai kamata ya fi kowa ɗaga murya ba.

Nan ɗaki ya kacame. Kujeru suka fara faɗuwa, 'yan Machina suka miƙe suna cewa a ba su jarinsu su tafi, wani ya cire hula ya buga da ƙasa. Na dubi Sabitu. Yana murza tafin hannu ɗaya da ɗaya. Na san alamar nan tun muna samari, ita ce yake yi in ya ga mai saye ya juya baya. Abin da ya kamata in yi shi ne in riƙe masa riga in tuna masa aikensa. Ban yi ba, ina can ina kallon rigima kamar na biya kuɗin shiga.

Alhaji Hashim ya bubbuga lasifika har aka ɗan yi shiru. Bai dubi Madu ba, sahun gaba ya duba. Ya ce, "Jama'a, ga Baba Sabitu a cikinmu, wanda duk ƙasar nan an san ciniki ba ya mutuwa a gabansa. Baba, kana zaune 'yan'uwa za su watse a kan kuɗi?"

Sabitu ya miƙe. Na ɗauka zai faɗi abin da muka bita. Sai na ga ya ajiye jakarsa a kan kujera, ya naɗe hannun riga, ya nufi gaba.

Wallahi ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar na ranar ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya fara da Alhaji Hashim, ya wanke shi tas a gaban jama'a. Ya ce miliyan shida a shekarar da talaka ya kwana a kan rufin ɗaki rashin tsoron Allah ne. Ɗaki ya ɗauki sowa. Ya sa daraktan nan mai maganar taya ya ba Madu haƙuri. Sannan ya juya ga Madu da murya mai sanyi, ya ce amma fa wanda ya tsare maka dukiya shi ma ciki gare shi, kuma in injin nan ya tsaya ba wanda zai ci riba. Ya ce Alhaji ya sauko. Alhaji ya ce biyar. Sabitu ya ce ya ƙara saukowa. Ya ce Madu ya hau. Madu, wanda minti goma da suka wuce yake rantsuwa ba za a ƙara ko kobo ba, ya ga duk ɗaki shi ake kallo, ya ce to biyu da rabi. Aka ja, aka ja, Sabitu yana kai da kawowa tsakaninsu yana zolayar wannan yana rarrashin wancan, har ya ɗaga yatsu huɗu sama ya ce a nan ya yanke. Ya kamo hannun Alhaji, ya kamo na Madu, ya haɗa. Alhaji Hashim ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa fashi, sannan ya yi murmushi ya ce ba zai iya musu da Baba ba.

Tafi ya ɓarke. Ni ne na fara miƙewa tsaye. Har cewa na yi wa na kusa da ni yabon gwani ya zama dole, abokina ne tun ƙuruciya. Lauya ta ce masu goyon bayan miliyan huɗu su ɗaga hannu. Hannun Sabitu ne ya fara tashi. 'Yan Jajimaji da 'yan Machina suka ga Gashuwa ta yarda, suka bi. Ba wanda ya nemi a ƙirga bisa jari. Takardu ɗari biyu da goma sha huɗu suna can a kan teburin bakin ƙofa, an danne su da kwalbar lemo kada fanka ta watsar.

Kafin a raba abinci Fauziyya ta kawo takardar abin da aka zartar, ta ce ana son mutum biyu daga masu hannun jari su sa hannu a matsayin shaida. Madu ya sa. Aka miƙa wa Sabitu biro. Na ga ya tsaya ya daɗe yana kallon takardar, na ɗauka biron ne ya ƙi. Daga baya ya sa hannu. Abincin kuwa ko buɗe robar bai yi ba.

Muka shiga motar komawa gida. Ni ina ta zuba, ina ba fasinjoji labari, ina kwaikwayon yadda ya ɗaga yatsu. Sai da muka tsaya sallar la'asar a Jajimaji, muna zaune a bakin masallaci muna sa takalma, ya ce, "Malam, huɗun nan da ke jikin takardar, da biro aka rubuta ta ko da inji?"

Na ce da inji aka buga.

Ya ce, "Ka ga injin buga takarda a ɗakin?"

Ban gani ba. Kuma daga ɗaga hannu zuwa kawo takardar ko minti uku ba a yi ba. Da huɗunsu suka zo a buge tun daga gida. Shida suka faɗa don a taya, kuma suka samu dillalin da ya fi kowa iya kai ciniki tsakiya, a sahun gaba, da ƙuri'un da za su iya kayar da su a hannunsa.

Na yi ƙoƙarin rarrashinsa, na ce ruwa ma yakan ci gwani. Ya ce in bar wannan. Ya ce wayon da aka yi masa ba shi ne ya dame shi ba, a kasuwa yau kai gobe wani. Ya ce, "Ko da shidan suke so da gaske, wa ya aike ni ciniki?"

Labari ya riga mu isa Gashuwa ta waya, amma ya iso a karkace. Abin da mutane suka ji shi ne daraktoci sun fi ƙarfinmu, za su wuce da shida, Sabitu ya tsaya tsayin daka ya ƙwato miliyan bibbiyu daga bakin kowane ɗaya. Tun a tasha aka fara yi masa sannu da ƙoƙari. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja shi gefe na ce ya yi shiru. Na ce mutane sun gamsu, abin da ya wuce ya wuce, faɗin gaskiya ba zai dawo da kobo ba. Ni da na shekara talatin da biyar ina dukan 'ya'yan mutane a kan ƙarya. Gaskiyar magana ba shi nake karewa ba, tafin da na yi nake ɓoyewa.

Kwana huɗu ya bi shawarata. Ana zuwa gaishe shi yana amsawa kansa a ƙasa. Ranar kasuwa ta zo bai fita ba, abin da bai taɓa yi ba sai ranar da uwarsa ta rasu. Matarsa Hassana ta aiko a tambaye ni ko wani abu ya ci a Nguru, don tuwo yana komawa yadda aka kai shi. A rana ta biyar da hantsi ina zaune da shi a zaure, sai ga Falmata da mata huɗu, ɗaya tana ɗauke da babban kwano cike da gumi. Bayan gaisuwa Falmata ta ce sun zo godiya ne. Ta ce da farko da ta ji an ƙara albashin ranta ya ɓaci, har ta yi masa mummunan zato, amma da aka gaya mata yadda aka fi ƙarfinsa ya ƙi ja da baya, ta ga ya kamata ta zo ta nemi gafara.

Na kafe shi da ido ina roƙonsa a zuci ya karɓa ya yi shiru. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Ya Falmata, ku ɗauke kwanon nan. Ba a fi ƙarfinmu ba. Takardunku ko ƙirga su ba a yi ba, don ban nemi a ƙirga ba. Da na faɗi abin da kuka aike ni, da maganar ta faɗi. Huɗun nan ni na yanke ta da bakina."

Falmata ta juyo gare ni ta tambaya ko ina wurin. Na ce ina wurin. Ta ce me na ce. Na ce tafi na yi. Ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba.

Ta koma kansa ta tambaye shi ko sun ba shi wani abu. Ya rantse ko ruwansu bai sha ba. Ta gyaɗa kai, ta ce ta yarda.

Ta ce, "Da sun ba ka, da na san abin da zan gaya wa mata. Kowa ya san kwaɗayi. Wannan kuwa me zan ce musu? In ce ka duba ka ga ba mu isa mu san abin da muke so ba?"

Matan suka tashi. Ya sake cewa su ɗauki kwanon, ta ce abin da ya shigo gida da sunan kyauta ba ya komawa. Haka gumin nan ya kwana uku a zaure ba wanda ya taɓa, sai da Hassana ta rarraba wa maƙwabta.

Abin da ya yi bayan nan ni ban iya ba. Ya bi unguwa-unguwa, Katuzu, Zango, Sabon Gari, har rugagen masunta na bakin kogi, yana faɗa wa masu takardun da bakinsa. Mako biyu ya yi yana wannan yawo. Wasu suka ce ba komai, hali zanen dutse ne, su ne da laifin aika dillali. Wasu suka yi dariya, wadda ta fi zagi ciwo. Wani tsohon masunci, abokin ubansa, ya saurare shi har ƙarshe, ya tashi ya shige gida. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai shi ƙara. Ya koma kasuwa, kuma har yau in cinikin kifi ya cije shi ake kira, don hannunsa bai mutu ba. Amma na lura an daina ba shi saƙo. Da, in za a kai kuɗin gaisuwar mutuwa wani gari, ko a nemo wa yaro aure, ko a kai kuka wurin hakimi, Sabitu ne. Yanzu sai ya ji an riga an je an dawo. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba, don kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake tunani.

Da shekara ta zagayo takardar taro ta sake zuwa. Riba dai ba a raba ba, kuma a wannan karon daraktoci kuɗin zama suke so a ƙara musu, wanda ake ba su duk ranar da suka yi taro. Ni na sake karantawa a gindin darbejiya, don ba wani mai karatun, amma ban ɗaga ido daga takardar ba har na gama. Sabitu bai zo ba. Aka zaɓi Falmata, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin taro ba a rayuwarta. Ta bi gida-gida tana karɓar takardun wakilci. Ta karɓi na gidan da ke dama da na Sabitu, ta karɓi na hagunsa, ta wuce.

Ana jibi taro ya zo gidana da safe ya ce in cike masa takardar wakilcinsa, in raka shi. Muka samu Falmata a filin shanya, ta baza gumi a kan tabarmi tana juya shi da ƙafa, mata suna aiki a gefe. Mutum mai shekara sittin da bakwai, wanda manyan 'yan kasuwa suke miƙe wa, ya cire takalmi a bakin tabarma ya tsuguna, ya miƙa mata takardar da hannu biyu.

Ta dube ta, ta dube shi. Ta ce, "Me zan ce maka a can?"

Ya ce, "A'a."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta goge hannunta a zane, ta karɓa, ta sa a jaka tare da sauran.

Ta ce, "To, Malam Sabitu. Zan kai yadda ka ba ni."

Ta koma juya shinkafarta. Shi kuwa ya daɗe a tsugune kafin ya iya tashi.